Dutsen guga ko na'urar tururi: wanne ya kamata amarya ta fara saya?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Bikinta ya matso, ana haɗa mata kayan ɗaki, kuɗin da aka ware wa abin guga kuma ba zai sayi abu biyu ba. Ta ga masu talla a waya suna nuna na'urar tururi, wadda 'yan kasuwa ke kira sitima, suna cewa zamanin dutsen guga ya wuce. Angon ma'aikaci ne, kullum cikin shadda da yadi yake, ita kuma yawancin kayanta atamfa ne da leshi da abaya da mayafai. Gidan da za su zauna sola ce da 'yar ƙaramar inbata, wutar NEPA sai ta ga dama. Wanne za ta saya?

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ki sayi dutsen guga. In Allah ya hore daga baya ki ƙara da sitima, don ita ma tana da ranarta, amma kada ki shiga gidan mai sa shadda da ita kaɗai. Na fara da amsar ne don hankalinki ya kwanta, sai dai ina so ki bi dalilin a hankali, saboda in kin gane shi ba mai tallan da zai sake ruɗa ki, kuma za ki tsira da kaya masu tsada da yawa.

Sama da shekara 20 ke nan ina sana'ar wanki da guga a Kano. Da dutsen gawayi na koya a hannun kawuna, ina yaro mai fifita wuta da kwashe toka, yanzu kuma a shagona akwai ayan na lantarki, akwai irin na teloli mai gorar ruwa a rataye, akwai sitima ta tsaye da ta hannu. Dukkansu ina aiki da su kowace rana, ba wanda nake gaba da shi.

Sai mun san abin da ke sa tufa ta yamutse kafin mu san mai miƙar da ita. Zaren auduga, a can cikinsa inda ido ba ya gani, wasu dogayen sarƙoƙi ne kwance gefen juna, suna riƙe da juna da wani ɗan riƙo mara ƙarfi sosai. Da ruwa ya shiga, ko na wanki ko na zufa, sai riƙon nan ya saki, sarƙoƙin su zame. In tufar ta bushe a lanƙwashe, sai su sake kama juna a yadda suka tsinci kansu. Yamutsewar ke nan. Shi ya sa bayan kaftani da bayan gwiwar wando suka fi ko'ina tattarewa in mutum ya wuni a zaune cikin zafi: ga zufa, ga ɗumin jiki, ga nauyi. To miƙarwar ma ta wannan hanyar ake bi. A ba zaren danshi da zafi ya saki, a danne shi ya kwanta yadda ake so, sannan a busar da shi a hakan kafin ya motsa.

Dutsen guga yana yin duka. In kin yayyafa ruwa ga danshi, ƙarfensa ga zafi, nauyinsa da na hannunki ga danni, kuma kafin ki ɗaga shi ya busar da wurin. Sitima rabin aikin take yi. Tana ba da danshi da zafi, zaren ya saki, tufar ta sauka da nauyin kanta ko da ɗan jan da kika yi mata. Ba ta danna komai, kuma takan bar tufa da ɗan laima. Zafinta ma yana da iyaka: tururin ruwa a fili digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, kafin ya isa jikin tufa ma ya ɗan ragu. Auduga da lilin kuwa sun fi miƙewa a wajen digiri 200. In kin duba 'yar takardar da ake ɗinkawa a wuyan rigunan kanti za ki ga hoton ayan da ɗigo a cikinsa. Ɗigo ɗaya kimanin digiri 110 ke nan, na nailan da ire-irensa. Biyu kimanin 150, na ulu da siliki da foliyesta. Uku kimanin 200, na auduga da lilin. Sitima ko ɗigon farko ba ta cika kaiwa ba. Wannan ne ya sa da wuya ta ƙona tufa, kuma shi ne ya sa ba ta iya wa atamfa mai kauri.

Yadin roba, wato foliyesta da danginsa, nasa lamarin daban ne. Shi ba ruwa ke sakin sa ba, zafi ne, kuma tun daga wajen digiri 70 yake fara laushi. Tururi ya ishe shi har da saura. Shi ya sa in kin lura da bidiyon masu tallan nan, kusan kullum rigar roba ce mara nauyi suke gwadawa a kai, ki ga ta miƙe kamar an yi tsafi. Ba ƙarya suka nuna ba, sun dai zaɓi abin da za su nuna. Ki ce su ɗauko zanen atamfa da aka wanke ya bushe a rana, ko wandon shadda da ya sha sitaci, su gwada a gabanki.

Yanzu ga maganar shadda, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarki, don a nan ake yin asarar da ke sa ma'aurata su kwana ba sa magana.

Shadda mai kyau auduga ce zalla da aka saƙa da zane a jikinta. Irin su Getzner, da ake yi a garin Buludenz na ƙasar Ostiriya, da sauran manyan da za ki gani a Kantin Kwari, ƙyallin nan da santsin da ake sayensu dominsa daga dannawa ya fito. A masana'anta ana bi da yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi da ke matse shi har zaren ya baje ya kwanta, haske ya riƙa dawowa daga kansa kamar madubi. Mu ma nan mun san wannan tun kafin a kawo mana inji. Ki je wajen masu bugu ki tsaya ki kalla: gungumen ice mai santsi a kwance, mutum biyu suna fuskantar juna, kowa da gudumar icensa, wannan na sauke tasa wancan na ɗagawa, sautin yana tafiya kamar kiɗa. Ba wuta, ba gawayi, amma riga ta fito tana ɗaukar ido. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, wanda ke sheƙi kamar ƙarfe, da bugu yake samun wannan sheƙin. A Bamako ma haka ake yi wa shaddarsu, a jiƙa ta da ƙaro a buge. To tururi akasin wannan yake yi. Yana kumbura zaren, ya tayar da abin da aka kwantar, sai ƙyallin ya dushe. Ya kuma jiƙa sitacin da ke riƙe da rigar, sai ta yi laƙwas.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Shekarar da na fara sayen sitima ta tsaye, wani bawan Allah da ya daɗe yana kawo mini aiki ya aiko da babbar riga sabuwa fil daga wajen tela, ruwan sararin samaniya, zai sa ta ɗaurin auren 'yarsa. Ba wanki take so ba, layin ninki kawai za a cire. Na ce ai ga sabon inji, me zai sa in ɗora ƙarfe a kan aikin wuyan nan. Na rataye ta na bi gaban da tururi. A cikin shago ban ga komai ba. Da na fito da ita bakin ƙofa rana ta haska ta, sai ga gaban ya yi dishi-dishi, bayan kuma yana ƙyallinsa, ga wasu ɗige-ɗige inda bakin injin ya tofar da ruwa. Gabana ya faɗi, don na san abin da rigar take nufi a wajensa. A ranar na ɗauke ta da kaina zuwa wajen masu bugu, na biya daga aljihuna, na tsaya a kansu har suka gama. Ta dawo da yawancin kyanta, na kuma gaya wa mai ita gaskiyar abin da ya faru. Tun daga ranar, a shagona shadda ba ta kusantar sitima.

Ga yadda za ki yi wa shaddar maigida. Dutse busasshe, mai tsabtar ƙasa, zafi sosai in auduga ce ta gaske. Kada ki fesa ruwa a fuskarta tsilli-tsilli, tabo yake bari. In ta bushe ƙayau, kamar yadda kaya ke yi da hunturu, ki yayyafa ruwa ta ciki, ki naɗe ta ki ajiye minti 15 ko 20 danshin ya game ko'ina, sannan ki goge. Wurin aiki, wato wuya da aljihu da bakin hannu, ki juya ta baya ki shimfiɗa tawul a ƙasa, don zaren aikin ya nutse cikin tawul ɗin maimakon ya baje. Ki kuma sani ba duk abin da aka kira shadda ne auduga ba. Akwai mai haɗin roba, tana da santsi irin na leda, ba ta shan ruwa da wuri. Ita in kin ba ta zafin auduga za ta yi wani ƙyalli mara kyau ko ta manne. Kowace sabuwar tufa, ki fara gwada dutsen a cikin ƙafar wando ko ƙasan riga ta ciki.

Sai kari. Ma'aikacin da zai fita ofis yana son karin wandonsa ya tsaya, hannun kaftani ya fito da layinsa, wuya ya kwanta. Sitima ba ta yin kari, aikinta ma shi ne share shi. Haka gam ɗin nan da teloli ke mannawa a cikin wuya da bakin hannu don su tsaya, da zafi da danni aka manna shi. In ana yawan dafa shi da tururi ba a dannawa, sai ya fara ɗagowa ya yi ƙuraje-ƙuraje. Atamfarki ma dutse take so. Ki goge ta ta baya tana da ɗan danshi, launinta zai daɗe.

Kada ki ɗauka na raina sitima. Akwai kayan da in an kawo mini, hannuna ba ya zuwa kan ayan ko kaɗan, kuma da yawansu irin naki ne. Abaya baƙa mai duwatsu: ƙarfe mai zafi yana bar mata wani sheƙi a kan ɗinki wanda ba ya fita, duwatsun kuma da gam aka manna yawancinsu, zafi na narkar da shi. Mayafin shifon, wanda ƙiftawar ido ta isa ya tattare ya huje. Leshi mai raga da ƙyale-ƙyale, inda hancin ayan ke maƙalewa ya ja zare. Karan-miski, wanda in aka danne gashinsa ya kwanta ke nan. Doguwar riga mai tattara da ninki-ninki da ba ta shimfiɗuwa a tebur, har da rigar da za ki sa ranar kamu. Kwat ta ulu. Labule, wanda za ki miƙar yana rataye a inda yake ba sai an sauke ba. A kan waɗannan sitima ta fi ayan nesa ba kusa ba, ga sauri, ga kwanciyar hankali. Tana kuma rage warin ajiya da na turaren da ya kwana a jikin kayan da aka sa sau ɗaya, kodayake ba ta maye gurbin wanki, kuma in akwai tabon maiƙo ko na miya, zafi kowane iri ne ƙara kama shi yake yi.

Asalin kowannensu ma ya nuna aikinsa. Ayan na lantarki wani Ba'amurke ne mai suna Henry Seely, mutumin birnin Niyok, ya yi masa rajista a 1882, amma guga da ƙarfe mai zafi ta girme shi da nisa, don mutanen Sin tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce suna zuba garwashi a kasko su bi kan yadi. Ita kuwa sitima daga wajen masu gyaran malafar Turawa ta fito, irin ta ulu da ake tausasawa da tururi a gyara mata tsayuwa. Kamfanin Jiffy na Amurka, wanda ya yi suna a kanta, da na'urar hula ya fara a 1940. Tun farko don abin da ba a son a danne aka yi ta.

In kin tashi aiki da ita wata rana, ki rataye tufar, ki kama ƙasanta da hannu ɗaya ki ɗan ja, ki bi daga sama zuwa ƙasa a hankali. Mai duwatsu ki bi ta ciki, kada ki daɗe a wuri guda. In kin gama ki bar ta a rataye minti 5 zuwa 10 ta sha iska, don in kin sa ta ko kin ninke da laimarta, sabuwar yamutsewa za ta kama. Abu ɗaya kuma da nake roƙon ki: kada ki taɓa bin tufa da tururi tana jikinki ko jikin wani, komai saurin da ake yi. Ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, saboda lokacin da yake komawa ruwa a kan fata yana sakin zafin da ya ninka wanda ake buƙata a tafasa ruwan daga sanyi fiye da sau 5. Na ga yarinyar da ta yi haka da mayafi a kafaɗarta ana jiran ta a mota, tabon yana nan a wuyanta.

Maganar wuta kuma, kin ce inbatarku ƙarama ce. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, suna ganin sitima 'yar ƙarama ce mara nauyi, don haka ba ta cin wuta. Duk abin da zai tafasa ruwa cikin daƙiƙa 30 wuta yake sha. Ayan busasshe na gida yawanci wat 1,000 ne zuwa 1,200. Ayan mai tururi yakan fara daga nan ya haura 2,000. Sitima ta hannu galibi tana tsakanin wat 1,000 da 1,500, ta tsaye kuma ta kai 1,800 ko 2,000. Bambancin shi ne ayan yana da abin da ke yanke wuta in ya kai zafin da aka saita, shi ne 'yar fitilar nan da ke mutuwa tana kamawa, ita kuwa sitima muddin tana fitar da tururi tana ja. Inbata mai kVA 1, wato ma'aunin ƙarfinta, abin da take iya ɗauka bai wuce wat 800 ba, ke nan ba ayan ba sitima. Ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, shi ma wajen wat 650 yake bayarwa, ba zai ɗauka ba. Ko inbatar ta kai, ki tuna wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 ya haura amfiya 80, wannan kuwa gajiyar da batir yake yi ya mutu kafin lokacinsa. In dole sai da sola, ki yi gugar da rana tsaka lokacin da farantan ke kawo wuta, ba da dare ba. Ki karanta lambar wat a jikin kwali, ki tambayi wanda ya haɗa solar kafin ki jona komai.

Akwai kuma ranar da NEPA za ta kawo wuta rabi-rabi, ƙwan fitila ya yi ja. In bolt ya sauka daga 230 zuwa wajen 160, zafin da na'ura ke bayarwa rabi yake komawa. Ayan zai jinkirta amma zai yi zafi a ƙarshe, ki lallaɓa ki goge. Sitima kuwa sai ta riƙa tari tana tofar da ruwa a kan kaya. Ki yi hattara da na gwanjo kuma: wanda aka yi don Amurka na bolt 120 ne, in kin jona shi a tamu wutar nan take zai ƙone.

Saboda haka nake cewa kada ki ji kunyar sa dutsen gawayi a cikin kayanki. Ba shi da tsada, ba ya jiran kowa, nauyinsa kuma shi ne abin da shadda da sitaci ke so. Har gobe akwai manyan mutanen da ke ce mini in yi musu da na gawayi. Yana dai son ladabi. Ki sami gawayi mai nauyi wanda ba ya tartsatsi, irin na ƙirya da maƙera ke so. Ki bari ya ruru sosai hayaƙin ya ƙare kafin ki rufe. Ki busa tokar a nesa da kaya, ki tabbatar maƙullin murfin ya kama, ki goge ƙasan da tsumma, sannan ki gwada a kan wani tsohon farin ƙyalle. In ƙyallen ya yi ja, ki jira dutsen ya huce. Tunda ba shi da abin saita zafi, ki fara da masu kauri yana da ƙarfinsa, ki ƙare da marasa nauyi yana hucewa. Da na lantarki kuma akasin haka ake yi, a fara da na roba a ƙaramin zafi a hau zuwa auduga. Kuma a tsakar gida ko baranda ake gugar gawayi, ba a ɗaki a rufe ba, don garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa.

Ruwa ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da gishiri-gishirin ƙasa, irin farin abin nan da ke taruwa a gindin butar shayi. Shi ne ke kashe sitima: ya toshe 'yan ramukan, ya rufe abin da ke dafa ruwan, wata rana ya fito fari-fari ko ruwan ƙasa a kan farar riga. Tataccen ruwa irin na kemis ya fi, ko ruwan sama da aka tace da kyau. In kin ce za ki sayi ruwan batir, ki tabbatar tataccen ruwan ne ba mai asid ba, don a shago ɗaya ake sayar da su. Kada ki zuba turare ko sitaci a tankin. Ki zubar da sauran ruwan duk lokacin da kika gama, lokaci-lokaci kuma ki wanke cikin da farin binega rabi ruwa rabi, in takardar na'urar ba ta hana ba. Ayan busasshe duk ba ruwansa da wannan hidimar, shi ya sa za ki ga ya shekara 10 yana aiki, in ya lalace ma yawanci waya ce ko abin zafin, kowane mai gyara a bakin kasuwa zai canza miki.

Akwai wani amfanin guga da ba a cika faɗa ba, kuma zai shafe ki in Allah ya kawo rabo. A ƙasashenmu, musamman da damina da wuraren da ke da laima, akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a ƙasa da kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, ya fi son masu warin fitsari ko zufa. Cikin kwana 1 zuwa 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, in aka sa tufar sai 'yar tsutsar ta shige fata, wurin ya kumbura kamar maruru mai ɗan baki a tsakiya, tana girma a ciki har kwana 8 zuwa 12. Jarirai sun fi kamuwa. Shawarar da likitoci ke bayarwa ta kariya ita ce a shanya kaya a igiya cikin rana, sannan a goge su ciki da waje da dutse mai zafi, har da nafkin da zanen goyo da kamfai, a bi kan ɗinki da kyau. Haka kwarkwatar tufa, a cikin ɗinki take ɓoye ƙwanta. Tururi ma yana kashe ƙwari, yana da amfani sosai a kan katifa da kujera in kuɗin cizo ya shiga, tunda zafin da ya haura digiri 50 yana kashe shi da ƙwansa. Amma a kan kayan jariri na fi natsuwa da ƙarfen da ya taɓa ko'ina ya kuma busar.

Za ki ji an ce ki sayi ayan mai tururi ki huta, tunda ya haɗa biyun. Akwai gaskiya a ciki. Yana saukaka gugar auduga ƙwarai, da yawansu kuma suna da maɓallin da ke harba tururi ko an tsayar da su, za ki iya bin abaya a rataye da shi, sai dai harbin 'yan daƙiƙu ne ya tsaya ya sake taruwa, hannu kuma na gajiya. Da a ce wutarku tsayayya ce, shi zan ce ki saya, ki kashe tururin in za ki goge shadda. Amma da yanayin da kika faɗa, ya fi cin wuta, ya fi saurin lalacewa da ruwanmu, masu arahar kuma ɗigar da ruwa suke yi in zafinsu bai kai ba. Ni a wurinki, ayan busasshe mai wat 1,000 zan ɗauka, mai ɗan nauyi a hannu, mai abin juyawa na saita zafi da ke aiki da gaske. Ki sa a jona shi a shagon, ki sa shi a ƙaramin zafi ki ga ko fitilar za ta mutu da kanta. In ba ta mutu ba, ki ajiye shi, shi ne irin wanda ke cinye mayafi. Ki duba wayar ta zama mai kauri, filogin mai ƙafa uku. Canjin da ya rage ki sayi gorar feshi, da dutsen gawayi, da yadi ɗaya na farar auduga mara sitaci.

Wannan farin ƙyallen shi zai riƙe miki abaya da leshi kafin sitima ta zo. Ki juya tufar ta baya, ki shimfiɗa ta a kan bargo mai laushi, ki jiƙa ƙyallen ki matse shi sosai, ki ɗora a kai. Ayan a ɗigo ɗaya ko biyu, ki riƙa ɗorawa kina ɗagawa, ba ja ba. Ruwan ƙyallen ne zai zama tururi ya ratsa tufar, ƙarfen kuma bai taɓa ta ba. Wurin duwatsu ko karan-miski, kada ki sauke nauyin ma, ki riƙe ayan ɗin yana shafar ƙyallen kawai. Mayafin shifon kuwa sau da yawa ba ya buƙatar komai: in kin wanke kada ki murɗe shi, ki rataye shi da ruwansa a inuwa a miƙe, zai bushe sumul.

In ƙasan ayan ya yi baƙi saboda sitaci ko roba ta manne, ki kunna shi ya yi ɗumi, ki cire daga wuta, ki goga masa kyandir ki share da tsumma mai kauri. Kada ki kankare da wuƙa ko soson ƙarfe, musamman mai rufin nan da ba ya kamu, don duk ƙarcen da kika yi masa sai ya ja zaren leshi. Kuma duk lokacin da NEPA ta ɗauke kina tsakiyar guga, kafin ki tashi daga wurin ki zare filogin daga bango, ki tsayar da ayan ɗin a kan dugadugansa inda hannun yaro ba zai kai ba.